ThinkPad X1 Carbon tokumbo: nauyinta, ƙarfinta da maganar batirin da ake cewa yana yini

Wa alaikumus salam Malam. In na fahimci tambayarka da kyau, kana aikin lissafin kuɗi ne a wani kamfani nan Kaduna, kana yawan zirga-zirga Abuja da Zariya, laftof ɗinka mai inci 15.6 ta ishe ka da nauyi, sai ka ga laftof ɗin Lenovo ThinkPad X1 Carbon tokumbo a wani shago wajen Ahmadu Bello Way, Gen 6, wato fitowa ta shida, mai furosesa i7 da RAM 8GB, mai shagon yace maka batirinta yini yake yi cur. Kana so ka ji daga bakin wanda ya riƙe ta ko haka ne, ya ƙarfinta yake, kuma ko ta cancanci ƙarin kuɗin da ake ɗora mata sama da su EliteBook na kamfanin HP.

To irinta ce a jakata yanzu haka, Gen 6 ɗin, kuma kula da kwamfutocin ofisoshi shi ne sana'ata, dan haka banda tawa ma da yawa sun bi ta hannuna. Kwamfuta ce mai kyau wallahi, ina sonta, amma waccan da ka gani mai 8GB ban ba ka shawarar ka ɗauka ba, kuma maganar batirin kar ka karɓe ta daga bakin kowa har ni ɗin nan, sai ka auna da kanka. Bari in bi maka su.

Nauyi shi ne abu ɗaya da ba wanda zai iya yi maka ƙari a kai. Gen 6 ta 2018 kilo 1.13 ce, wato ledar piya wata biyu da ɗan ɗori, Gen 7 ta 2019 ma ta ɗan fi ta sauƙi, kilo 1.09. Irin wadda kake ɗauka yanzu yawancinsu suna kai kilo 2 ko su wuce, kafin ma a sa babbar cajarsu a lissafi. A baki bambancin kilo ɗaya kamar ba komai bane, amma wanda yake sauka daga keke a tashar Rigasa da sassafe, ya bi layin tikiti ya bi na binciken kaya, ya hau jirgi, ya sauka Kubwa ko Idu ya sake tsayawa neman mota, duk jakar na rataye a kafaɗa ɗaya ga takardu ga kayan sawa a ciki, shi ya san meye kilo ɗaya. Abinda na fi lura da shi a kaina shi ne ta canza min ɗabi'a. Da in zan fita sai na tsaya shawara, in ɗauki kwamfuta ko in bar ta a gida, sau tari in bar ta kuma aiki ya taso min a waje. Yanzu bana ma tunanin, tana cikin jaka kawai, wani lokaci sai na laluba in tabbatar tana nan. Wannan shi ne ainihin abinda kake biya wa kuɗi a X1 Carbon, ba gudu ba.

Kuma rashin nauyin bai sa ta zama ragwaɓaɓɓiya ba. Murfin na zaren kabon ne, ƙasan kuma gaurayen maganiziyam, zaka iya ɗaga ta a buɗe da hannu ɗaya ta kusurwa ba ta lanƙwasa ba ta ƙara. Murfin yana kwanciya har ya miƙe ɗaya da kibod, in kuna zaune ku uku a tebur ana duba lissafi kowa na gani. Sai dai murfin siriri ne, in ka cusa ta a jakar da ta cika tam aka danne ta a but ɗin motar Zariya, sikirin ɗin ne zai ji jiki, shi yasa zaka ga tokumbo da yawa da shatin maɓallai ko farin tabo a fuskarsu. Baƙin fentin jikinta mai laushin nan kuma yana riƙe maiƙon hannu sosai, ka ci ƙosai ka taɓa ta sai yatsunka biyar sun fito, kuma a tsofaffi zaka ga ya fara ɓarewa ta kusurwa. Wannan ba matsala bace, ado ne kawai, amma abin rage farashi ne in kana ciniki.

Cajarta USB-C ce, yawanci mai wat 65, kuma kaga wannan ma rage kaya ne, caja ɗaya ta yi maka kwamfuta ta yi maka waya.

Sai ƙarfi. Furosesar da ke cikin Gen 6, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yawanci Intel ce zubi na takwas, ko i5-8250U da 8350U, ko i7-8550U da 8650U, kuma abinda masu shago basa faɗa shi ne dukkansu kwa huɗu ne, wato sassan aiki huɗu masu ɗaukar layin aiki takwas lokaci ɗaya, duk ajin wat 15 ne. Bambancin i7 shi ne tana iya tsalle zuwa 4.0 ko 4.2GHz yayin da i5 ke tsayawa a 3.4 ko 3.6, amma wannan tsallen na ɗan lokaci ne, domin jikin kwamfutar siriri ne fanka ɗaya ce a ciki, da zarar zafi ya taru sai furosesar ta rage gudu da kanta dan kar ta ƙone. To in aiki ya yi tsawo i5 da i7 kusan wuri ɗaya suke komawa. Na sha ajiye su gefe da gefe a ofis, mai amfani da Excel da Outlook da Chrome ba ya iya gane wacce ce wacce. Dan haka sitikar i7 ɗin nan kar ta ja ka.

Ga irin aikinka ta wadatar har da saura. Tana tashi cikin daƙiƙoƙi saboda ma'ajiyarta SSD ce, yawanci irin mai saurin nan NVMe, Excel mai layuka dubbai da fomula tana jansa ba gardama, manhajar lissafi irin su Sage ko QuickBooks ba abinda za su yi mata, Zoom da Teams suna tafiya. Inda take gazawa shi ne duk abinda ke son katin hoto mai ƙarfi, domin Intel UHD 620 ne kawai a ciki. Yaran Kadpoly masu karatun zanen gini suna yawan tambayata ita saboda kyanta, ina ce musu a'a, zanen AutoCAD na shimfiɗe za ta yi, amma Revit da Lumion da haɗa bidiyo mai nauyi wahala kawai za su sha su da ita.

Yanzu ga dalilin da yasa nace ka bar mai 8GB. RAM ɗin X1 Carbon, wato wurin da take riƙe ayyukan da ka buɗe, a like yake jikin bod, babban allon cikinta, an yi masa walda tun daga kamfani, babu ramin da zaka ƙara wani. Yadda ka saye ta haka za ta mutu. A Gen 6 ko 8GB ko 16GB ne, shikenan. Windows 11 kaɗai da ta gama tashi ta cinye wajen rabin 8GB ɗin, ka buɗe Chrome da shafuka goma sha, ga WhatsApp na kwamfuta, ga Teams, ga Excel biyu, sai ta fara aron wuri a SSD, nan ne zaka ji tana ɗan tsaitsayawa in ka tsallaka daga wannan taga zuwa waccan, kuma mutum ya ɗauka furosesa ce ta gaza alhali wuri ne ya ƙare. In aka ajiye min i7 mai 8GB da i5 mai 16GB a kuɗi ɗaya, ko ma i5 ɗin ta ɗan fi tsada, i5 ɗin zan ɗauka ban ko waiwaya ba. SSD kuwa kar ta dame ka, ita ana cirewa, in ka samu mai 256GB ka ƙara daga baya, sukurori kaɗan ne a ƙasa.

Ka kuma kula sosai kar a ba ka Gen 5 a matsayin Gen 6, dan a ido kusan ba ka raba su. Gen 5 ta 2017 yawanci furosesa zubi na bakwai ce, su 7200U da 7500U da 7600U, kwa biyu kacal ko da an rubuta i7, kuma Microsoft basu sa su cikin jerin waɗanda Windows 11 ke karɓa a hukumance ba, daga zubi na takwas suka fara. Windows 10 kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025. Eh ana yi wa tsofaffin dabara a ɗora musu 11, kasuwa cike take da su, amma kwamfutar da zaka riƙa ajiye lissafin kamfani a ciki ban so maka wannan ba. Ka buɗe Task Manager na Windows ka karanta lambar furosesar da idonka, lambar farko bayan i5 ko i7 ita ce zubin, in kuma da 1 ta fara to lambobi biyun farko ne, kamar 10 ko 11.

Zafi kuma dole mu yi maganarsa tunda a Kaduna muke. A ofis mai AC shiru take, fankar ma ba kasafai take tashi ba. Amma a watan Maris da Afrilu, an ɗauke wuta, ɗaki ya ɗau zafi, kana taron Zoom da kyamara a kunne, zaka ji fankar na ta aiki kuma ƙasanta ya yi ɗumi sosai a cinya. Iskar zafin a Gen 6 ta gefen dama take fita, daidai inda mai amfani da maus yake ajiye hannu, wannan yana damuna gaskiya, sai a Gen 9 ta 2021 suka mayar da ita baya suka sa fanka biyu. Ita Gen 6 ta ƙasa take shaƙar iska, dan haka aiki a kan katifa ko kafet shaƙe ta ne. Ƙurar hunturu kuma, in ka buɗe wadda ta shekara a nan ba a share ba zaka tarar da wani ɗan tabarmin ƙura ja-ja ya toshe bakin ƙarfen sanyayawar, fanka na juyawa amma iska ba ta wucewa. Duk tokumbon da na karɓa abu na farko shi ne in buɗe in share fanka in canza man nan da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, tamal fes, domin na kamfani ya bushe tuntuni ya zama gari. Aikin ƙasa da awa ɗaya ne kuma kwamfutar sai ta koma kamar wata daban. Bayan kowane hunturu a sake share ta.

To batir, inda maganar take.

Mai shagon da yace yini take yi, wataƙila ba ƙarya ya shirya ba, abinda ya ji ana faɗa ne game da sabuwa. Kamfani da kansa awanni goma sha ya tallata, amma irin wannan gwajin ana yinsa ne da haske a ƙasa, ba taron bidiyo, ba shafuka barkatai, da batir sabo dal. Lissafin kuma mai sauƙi ne, kai ma ɗan lissafi ne. Batirin Gen 6 sabo 57Wh yake ɗauka, ma'ana in kwamfutar na jan wat 57 zai yi awa ɗaya. A aikin ofis na yau da kullum, haske tsaka-tsaki, Wi-Fi a kunne, tana jan wajen wat 7 zuwa 8, ka raba 57 da 8 ka samu awa bakwai da ɗan wani abu. Wannan na sabo kenan. Wadda ke gabanka kuwa an ƙera ta tun wajen 2018, wani ma'aikaci a Turai ko Amurka ya yi shekaru yana amfani da ita, sau da yawa a jone da wuta dare da rana, sannan ta zauna a sito ta shiga kwantena. In batirin ya koma 40Wh, wanda abu ne da nake gani kullum, awa biyar kenan. Ka shiga Teams da kyamara kana raba sikirin, jan wutar ya haura wat 15, 40 ɗin nan ba za ta kai ka awa uku ba. Kaga yini guda ya koma daga ƙarfe tara zuwa kafin azahar.

Tawa da na sa mata sabon batir, abinda nake samu awa shida zuwa bakwai ne in rubutu ne da Excel da burauza, in ranar taro ce ta bidiyo kuma wajen rabin haka. Ya ishe ni daga Rigasa zuwa Abuja ina aiki a jirgi, in shiga taro in fito ban nemi soket ba. Ban taɓa ganin awa goma sha a aikin gaske ba, kuma ban ga wanda ya gani ba cikin waɗanda nake kula da nasu.

Yadda zaka auna ba sai ka yarda da kowa ba: a shagon, ka nemo Command Prompt a Windows, baƙar tagar rubuta umarni, ka buɗe ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter, zai nuna maka inda ya ajiye rahoton, ka buɗe shi. Layi biyu kake nema, DESIGN CAPACITY wato abinda aka ƙera batirin ya ɗauka, da FULL CHARGE CAPACITY wato abinda yake iya ɗauka yau. Na farkon zaka ga wajen 57,000 mWh. In na biyun ya kai 46,000 ko sama, kusan kashi 80 cikin ɗari kenan, batir ne mai rai. In yana wajen 35,000 ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Amma ka sani lambar nan ma ana iya samun wadda ba gaskiya take faɗa ba, musamman in an sa batirin da ba na asali ba, zaka ga ya nuna ɗari bisa ɗari amma ya faɗo daga kashi 40 zuwa 7 lokaci ɗaya ya mutu. Dan haka bayan rahoton ka cire caja, ka ƙure haske, ka kunna bidiyo a YouTube ka zauna kuna hira da mai shagon minti ashirin ko talatin kana kallon yadda kason ke sauka. Sauka a hankali ɗaya bayan ɗaya ake so, ba tsalle ba. Mai shagon da ya san kayansa ba zai hana ka ba, kujera ma zai ba ka.

Ka kuma kifa ta a kan tebur mai santsi ka ga ko tana zama daidai, ka danna wajen da ake jan yatsa, tocfad, ka ji ko yana dannuwa ta ko'ina. In ya yi tauri ko ya ɗago, ko murfin ƙasa ya yi ciki, batir ne ya kumbura. Wannan ba a wasa da shi, ba a ci gaba da cajinsa, cirewa ake.

Nau'in sikirin ma yana cin batir, mutane basa lura. Akwai mai FHD wato 1920 da 1080, akwai mai WQHD 2560 da 1440, har da wata mai haske sosai mai sheƙi. Masu yawan ɗigon sun fi kyau a ido ba musu, amma sun fi jan wuta, mai sheƙin kuma in ka zauna kusa da taga fuskarka zaka riƙa gani. Ga mai Excel a inci 14, FHD marar sheƙi ita ce daidai. Gen 7 da Gen 8 kuma da suka fi sirantaka an rage musu batir zuwa 51Wh, an kuma rage zurfin maɓallan kibod daga milimita 1.8 zuwa 1.5, shi yasa har yanzu wasunmu suka fi son Gen 6. Ita Gen 7 ta fi ta lasifika nesa ba kusa ba, ta Gen 6 ƙasa take kallo kuma muryarta siririya ce, in janareta na aiki a waje sai ka sa abin kunne kafin ka ji taro.

Abinda ya sa ƙaramin batir bai cika damuna a wannan kwamfutar ba shi ne yadda take caji. Da cajar wat 65 ta asali tana kai wajen kashi 80 cikin awa ɗaya, kuma a garin da ake kawo wuta a ɗauke ba sallama wannan ya fi min dogon batir mai jinkirin cika amfani. An kawo wuta kana wanka kana karyawa, kafin ka fita ta kusa cika. Na biyu tunda USB-C ce, fawa banki mai PD, wato tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C, da ke fitar da wat 45 ko 65 yana cajinta. Mai 20,000mAh wajen 74Wh ne a rubuce, in ka cire asarar da ake yi a hanya zai cika maka ita kusan sau ɗaya. Sai dai ka duba abinda aka rubuta yana fitarwa a jikinsa, na waya na yau da kullum mai wat 10 ko 18 ba zai yi maka aikin ba komai girmansa. Masu ƙaramar sola ko inbata a gida kuma ba za su ma ji ta ba.

In kana yawan barinta a jone a ofis, ka saukar da manhajar Lenovo Vantage ka sa mata iyakar caji ta riƙa tsayawa a kashi 80. Batirin litiyam abu biyu ke tsufar da shi da wuri, zama a cike tam da kuma zafi, mu kuma zafin muna da shi kyauta, to a rage masa ɗayan. Ranar tafiya ka cire iyakar ka cika ta. Kar a bar ta a mota a rufe da rana. Kuma in zaka sa ta a jaka na awanni, ka kashe ta ko ka sa ta Hibernate, wato ta adana aikinka ta mutu, maimakon rufe murfi kawai, domin wani lokaci ba ta yin barcin kirki, sai ka iso ka ciro ta da ɗumi batir ya zube.

Maganar caja ina roƙonka kar ka yi mata rowa. Ramukan USB-C biyun nan su kaɗai ne hanyar shigar wuta, kuma a like suke jikin bod, babu wani ramin caja na daban da za a canza da kuɗi kaɗan kamar a tsofaffin kwamfutoci. Na karɓi wata a hannun wani bawan Allah da ya saya mata caja mai arha a bakin titi yana jonawa a ƙaramin janareta, rami ɗaya ya mutu ya koma ɗayan, shi ma ya bi, daga nan sai aikin bod, kuma masu iya wannan aikin da kyau ba su da yawa. A shago ka gwada ramukan biyu ɗaya bayan ɗaya, ka juya kan wayar ta kowane gefe, ka ɗan girgiza ka ga ko cajin na yankewa. Lenovo ma sun taɓa fitar da sanarwa cewa a sabunta manhajar Thunderbolt, mai kula da ramukan USB-C ɗin, a jerin ThinkPad na 2017 zuwa 2019, har da wannan, saboda matsalar da ke iya taɓa ramukan, dan haka ranar da ka saya ka bar Vantage ta yi duk sabuntawar da ta nema, BIOS da Thunderbolt, tana jone da wutar da ka tabbata ba za a ɗauke ba ana tsaka da yi.

Tunda kwamfutar kamfanoni ce akwai abu biyu da suka fi batir haɗari. Ka kashe ta ka kunna kana danna F1 ka shiga BIOS, wato shafin saitunan kwamfutar da ke zuwa kafin Windows ta tashi. In ta nemi kalmar sirri, ko ta bar ka ka shiga amma wasu saituna a kulle, ajiye musu kayansu, wannan makullin a ThinkPad ba ya fita da cire ƙaramin batirin bod. Na biyu, wasu har yanzu suna rajista da kamfanin da ya yi amfani da su, suna aiki lafiya lau sai ranar da ka sake ɗora Windows ka jona intanet, sai ta fito da sunan wani kamfani tana neman imel ɗin ma'aikacinsu. Ka nemi mai shagon ya sake mata Windows a gabanka da intanet a jone, ko ku rubuta a rasit cewa in hakan ta fito zai karɓi kayansa. Tiren SIM da zaka gani a bayanta kuma ba shi ke nuna tana da layi ba, da yawa tiren ne kawai da wurin ƙaramin memori, na'urar layin da eriyarta babu, kar a ƙara maka kuɗi a kansa sai ka ga ta kama sabis.

Kibod ɗin kam ban da abin cewa, in kana yini kana bugu shi ne zai sa ka ƙi komawa wata. Maɓallin Fn ne a kusurwa inda ka saba samun Ctrl, zai ba ka haushi kwana biyu, ana musanya su a BIOS. Ka duba kuma ba kibod ɗin Jamus ko Faransa bane aka liƙa wa sitika. Abu ɗaya da zaka yi kewa a matsayinka na mai lissafi shi ne maɓallan lambobi na gefen dama da ka saba da su a mai inci 15.6, babu su a nan, ka sayi ɗan ƙaramin na USB ka ajiye a ofis. Ramuka tana da USB babba biyu da HDMI cikakke, furojekta ba matsala, amma wayar intanet ta ofis sai da adafta.

Game da EliteBook da ka ambata, ba ƙaramar kwamfuta bace. 840 G5 furosesa iri ɗaya ce da wannan, wajen kilo 1.5, batir 50Wh, amma tana da ramin RAM biyu, ka fara da 8 ka kai 16 ko 32 duk ranar da aljihu ya yarda, kuma kayan gyaran HP sun fi samuwa a garin nan, na X1 sau da yawa sai an aiko daga Computer Village ta Ikeja ka jira. Akwai kuma ThinkPad T480, ta fi nauyi, wajen kilo 1.6 zuwa sama, amma batir biyu gare ta, na ciki da na waje da ake cirewa a sa wani tana kunne, har akwai babba mai 72Wh. Wanda aikinsa ke kai shi ƙauyukan da zai yini biyu bai ga soket ba, T480 nake nuna masa. Wanda kwamfutarsa daga tebur sai mota sai tebur, ya ɗauki EliteBook ya riƙe canjinsa. Amma kai da kace kafaɗa ce ke ciwo kuma kullum kana hanya, X1 ɗin ce taka, ƙarin kuɗin bai ɓaci ba.

Farashi ban sa maka lamba ba dan yana bin dala, na wannan satin ba shi ne na sati mai zuwa ba, ka zaga shago uku ko huɗu ka ji bakinsu. Ka ce musu kai tsaye Gen 6 ko sama kake nema, 16GB, FHD, da cajarta ta asali, i5 ko i7 duk wadda ta samu. In babu a ƙasa ka ce a nemo maka, suna da hanyar Legas da Kano, kwana kaɗan ne. In ka samu, ka ɗauki hoton rahoton batirin da na shafin furosesa da RAM a Task Manager ka turo kafin ka biya, in duba maka in faɗa maka nawa ya kamata a rage.